Turaren Yumma a Ɗakin Dutse

Kiran sallar la'asar ne ya tashi a wayar Yumma, ni kuma ina tsaye a falo da farar rigar ɗanta a hannu, dawowata ke nan daga ɗakin guga. Shekara uku ina aiki a gidansu, ban taɓa jin ladan ya ce Allahu akbar ba face muryar tsohuwar ta biyo shi a baya, ko da kuwa barci take yi. Ran nan ladan ya yi ta kira shi kaɗai a bayan ƙofa. Na tsaya ina jira. Ya kai hayya alal falah, babu wanda ya amsa masa.

Yumma mahaifiyar kafilina ce, Baba Salih, wato mai gidan da nake aiki a ƙarƙashin sunansa. Kowa a gidan haka yake kiranta, har mu 'yan aiki. Ba a Riyad muke ba a ranar. Mun je hutu wani gari a ƙasar Turkiyya, muna cikin otal ɗin da aka fafe ɗakunansa a jikin dutse. Ni na rufe mata wannan ƙofa da hannuna, ni na cusa tawul a ƙarƙashinta. Kwana ashirin da uku bayan haka ban san ko gida za a mayar da ni ba ko gaban alƙali, da sunan na yi niyyar kashe ta.

Sunana Saratu, 'yar Damagaram ce ni, sana'ata turara kaya. Ina rubuta wannan ne saboda ku ƙannena da kuka sauka Riyad kwanan nan. Ranar Juma'ar da ta wuce a kasuwar Batha wata a cikinku ta ce da ni, "Ke kam, Yaya, kin more. Aikinki ki jefa itace a wuta, ki hau jirgi, ki kwana a otal." Sauran suka yi dariya. Ban ba ta amsa ba, don muna tsaye ne a bakin shagon da ake sayar da gawayi, kuma har yau in na ga buhunsa bakina bushewa yake. To ga amsar a rubuce.

Aikin farko da Inna Falmata ta sa ni shi ne kunna gawayi, kuma wata huɗu ban wuce nan ba. Inna Falmata ƙawar kakata ce tun a gida, ta fi shekara ashirin a garin nan tana haɗa turare tana turara kayan matan manya. Da na zo, na ɗauka tunda na yi makaranta har na gama sakandare, mako guda ya ishe ni. Ta miƙo mini hantsaki da kasko ta ce in kawo mata wuta. Na kai mata gawayi rabinsa ja rabinsa baƙi, yana tartsatsi.

"Masara za ki gasa mini?"

"Inna, ai ya kama."

"Ya kama me? Koma, 'yar boko. Sai ya yi furfura kamar ni."

Gawayin turare sai ya ci gaba ɗaya, toka ta rufe shi fari fat, sannan a ɗora masa komai. In kika yi gaggawa, warin gawayi ne zai shiga rigar, kuma ba ya fita sai an wanke. In wutar ta yi ƙarfi, itacen ƙamshin nan na ud ƙonewa zai yi maimakon ya yi gumi, alhali ƙamshin yana cikin gumin ne, wannan man da yake tsattsafowa yana tafasa a bayan itacen. Shi ya sa ake barbaɗa toka kaɗan a kan garwashin, a ɗora itacen a gefe, a tsaya a kansa. Da zarar hayaƙin ya fara sauya launi, a ɗauke. Daƙiƙa kaɗan ne tsakanin ƙamshi da ƙauri. Inna ba ta ma kallon kasko. Tana ɗaki tana waya za ta ɗaga murya, "Saratu, kin ƙona!" kuma in na duba, na ƙona ɗin.

Abaya ta farko da na turara ni kaɗai ta wata malamar makaranta ce. Na kifa kabbasa a kan kasko, wato kwandon nan mai kama da akurki da ake shimfiɗa kaya a kai, na fesa wa yadin ruwan wardi, don busasshen yadi ba ya riƙe ƙamshi. Komai daidai, sai dai hannun rigar ɗaya ya zurma ta tsakanin sandunan ban gani ba. Huda ce 'yar ƙarama kamar ƙwayar gero. Inna ta zauna ta ɗinke wurin da dutsen ado har ba a ganewa, sannan ta tasa ni a gaba muka je ta sa na gaya wa mai rigar da bakina. Daga nan na koyi yadi. Siliki nesa da wuta, auduga tana son lokaci, rawanin maza ud zalla ba a sa masa mai zaƙi, kayan jariri ba a turarawa ko uwar ta nace.

Amma abin da ya fi komai a sana'ar, wanda Inna take maimaitawa safe da yamma, shi ne tsare hayaƙi. Hayaƙin da ya fita ta taga asara ne. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kashe fankar da take zuƙe iska, a ja labule, a rufe ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma. Ƙwararriya ita ce wadda in ka wuce ta bakin ɗakin da take aiki ba za ka ji komai ba sai an buɗe. Na iya wannan har Inna tana misali da ni. A gidajen Riyad ban taɓa ganin ya zama matsala ba. Ɗakuna manya ne, rufi can sama, tagogi ko an rufe suna shan iska. Ban taɓa tambayar abin da zai faru a ɗakin da ba ya shan iska ko kaɗan ba, don ban taɓa ganin irinsa ba.

Ranar da aka kai ni gidan Baba Salih, Yumma ce ta gwada ni, ba Madam matarsa ba. Tana zaune a ƙasa a kan darduma, ta baza guntayen itace uku a kan hankici, ta ce in nuna mata na jabu. Na ɗaga, na auna a tafin hannu, na goga ɗaya da yatsa mai damshi, baƙin ya bi yatsana. Rini aka shafa masa da mai. Ta kwashe da dariya har tana tari, ta kira ɗanta.

"Ya Salih, zo ka ga wadda ta fi ka hanci. Wannan da ka kawo mini tsaraba kana yabo, ƙafar kujera ce."

Tun daga ranar ba wanda yake taɓa kayanta sai ni. Sara take ce mini. In na turara mata mayafi sai ta cusa fuskarta a ciki ta daɗe, ta ce haka ɗakin uwarta yake. In ban yi daidai ba kuwa ba ta ɓoyewa: "Ya binti, 'yata, yau me na yi miki?" Akwai ranar da aka yi baƙi mata, na zagayo da kasko karo na ƙarshe tun ba a kawo abinci ba. Ban san cewa a nan wannan zagayen sallamar baƙi ne ba. Matan suka fara gyara mayafi suna miƙewa, Madam ta kusa cinye ni da ido. Yumma kuwa da aka watse ta jawo ni ta raɗa mini, "Gobe in mai surutun nan ta dawo, ki kawo shi tun tana cire takalmi."

Aikin otal daban ne, kuma shi ne wanda kuke kwaɗayi. Jakata ta tafiya tana da kasko biyu na ƙarfe, hantsaki, kabbasa mai naɗewa, da ƙullin kayan haɗina na gida: kajiji, hawi, sandal, farce. Gawayi a can ake saya, ba a yarda da shi a jirgi. Ku hotunan da Madam take sawa kuke gani. Ni abin da nake fara dubawa a kowane otal shi ne rufin ɗaki. Akwai wata 'yar na'ura fara manne a can, mai jan ido, da ta ji hayaƙi sai ta kama ihu, ma'aikata su cika ɗakin. A tafiyarmu ta farko Madam da kanta ta ɗauko hular leda ta wanka daga bayi, ta riƙe mini kujera, na hau na rufe na'urar. Ta ce haka kowa yake yi. Duk otal ɗin da muka sauka bayan nan, haka nake yi duk lokacin da zan kunna wuta.

Garin duwatsun Madam ce ta zaɓe shi, a waya ta gani. Gaskiya ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Duwatsu ne masu tsini kamar rumbuna, farare-farare, ko'ina an huda su da ƙofofi. An ce mutanen zamanin da ne suka fafe su suka zauna ciki da iyalansu da dabbobinsu, wasu ma ba su daɗe da fita ba. Yanzu an shimfiɗa dardumai masu laushi, an sa gadaje masu labule, ƙasa tana ɗumi da kanta, akwai wurin wanka na ruwan zafi a cikin kogo da fitilu a ƙarƙashin ruwan. Da sassafe manyan balan-balan masu ɗauke da mutane suna tashi, baƙi suna shan shayi a kan rufi suna ɗaukar hoto. Masaukinmu falo ne da ɗakuna. Na Yumma shi ne na can ƙurya, don ba shi da matakala. Babu taga. Bango dutse, rufi dutse, ƙofar katako mai kauri.

Ta tsaya a bakinsa da sandarta ta leƙa.

"Masha Allah. Na haifi ɗa, ya yi arziki, ya kawo ni kabari tun da raina."

"Yumma, duk otal ɗin nan babu ɗakin da ya fi shi," in ji Baba Salih.

"To a binne ni a hankali."

Kayan da na turara ranar da muka sauka, kafin gari ya waye ƙamshin ya tafi. Dutsen yana da wani sanyi mai damshi da yake shanye turare, ya bar wa tufafi warin tsohuwar randa. Madam ta shinshina abayarta ta ce, "Sara, ud ɗin ne ya ƙare ko hannunki?" Ban taɓa jin kunya a aikina irin ta ranar ba. Sai na ƙara wuta. Na sayo gawayin shisha mai kusurwa huɗu, wanda yake daɗewa bai mutu ba, na ɗauki tasoshin ƙasa biyu daga teburin falo na mai da su kasko.

Akwai wata dattijuwa mai gyaran ɗaki, 'yar garin, mai ɗankwali da furanni. A rana ta biyu ta shigo ta same ni a kan kasko a ɗakin Yumma. Ta kalli garwashin, ta ɗaga kai ta nuna mini rufi. A can akwai wani rami zagayayye, gefensa baƙi ƙirin da tsohuwar kunkunniya, an toshe shi an sa fitila mai kyau a ciki. Ta yi ta magana da yarensu, ta taɓa hancinta, ta dafe goshinta, ta sake nuna ramin. Ni a zatona ƙamshin ne ya burge ta har yana juya mata kai. Na yi murmushi, na ɗibar mata ɗan turare na ƙulle a takarda. Ta karɓa, ta daɗe tana kallona, ta wangale ƙofar ta tafi. Tana fita na rufe. Sai daga baya, a asibiti, wani tafinta da ya ji daga bakinta ya gaya mini cewa a irin wannan ɗakin aka haife ta, ramin kuma mafitar hayaƙi ce. Masu kogon na asali ba sa hura wuta a ciki sai da shi.

Rana ta huɗu aka shirya cin abincin yamma a kan rufi, da mai ɗaukar hoto, kowa zai sa sabon kaya. Bayan azahar Baba Salih da Madam da yara suka tafi hawan dawaki a kwari, aka bar ni da Yumma da tulin tufafi. Na zaɓi ɗakinta saboda ya fi kowanne riƙe hayaƙi. Kasko huɗu, kowanne garwashi uku. Na rataye abayoyi, na kifa kabbasa, na hau kujera na sa hular leda, na kashe fankar bango.

"Yumma, taso in kai ki falo, ki kwanta a doguwar kujera."

"Falon nan mai sanyi kamar shagon mai kifi? Nan zan kwanta. Yau ne kawai ɗakin ya yi ɗumi."

"Hayaƙin zai yi miki yawa."

"Shekara saba'in ina shan hayaƙin ud, ke za ki gaya mini? Jeki ki yi gugarki. Rufe ƙofar, ya binti, ƙamshin zai gudu."

Na gyara mata filo. Na fita na ja ƙofar, na naɗe tawul na cusa a ƙasa daga waje, don na'urar falo ban rufe ta ba. Ɗakin guga yana can ƙasan otal ɗin, sai an sauka matakala mai yawa. Na tarar da layi, dutsen gugar kuma irin wanda ban saba da shi ba ne, sai da na maimaita rigar Baba sau biyu. Minti ashirin na ce zan yi. Na yi awa ɗaya da rabi.

Da na fizge tawul ɗin na buɗe, ɗakin bai ma cika da hayaƙi ba. Turaren ya daɗe da cinyewa, saura garwashi ja a cikin toka. Ƙamshi kuwa ban taɓa haɗa mai kyau irinsa ba. Yumma tana kwance yadda na bar ta, fuskarta har da wani ja-ja kamar mai lafiya, amma ta yi amai a kan filo. Na kira ta, na girgiza ta. Kafin in ɗaga ta kaina ya sara. Na kama ta ta hammata na ja ta a ƙasa har falo, har bakin ƙofar waje, ina ihu da Hausa don duk Larabcina ya gudu. Motar asibiti ba ta iya hawa unguwar, sai a bargo ma'aikata huɗu suka sauko da ita. Takalminta ɗaya ya faɗi a matakala, na ɗauka na bi su da shi a hannu.

Abin da likita ya faɗa, ku riƙe shi ko da kun manta sauran. Ba turaren ba ne, gawayin ne. Kowane garwashi, komai kyan cinsa, yana fitar da wata iska da ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi amfana da numfashi. Mutum ba ya jin shaƙewa. Barci yake ji, da ɗan ciwon kai. A ɗaki mai shan iska tana fita ba ki sani ba, a ɗakin dutse ba ta da hanya. Na'urar da na rufe ma, a wannan otal ɗin, irin wadda take jin wannan iskar ce, ba hayaƙi kaɗai ba. Saboda haka kada ki bar mai rai a ɗakin da kika rufe da wuta, ko ya roƙe ki, ko ya zage ki, ko uwar kafilinki ce. Kada ki hau kujerar kowa ki rufe na'ura. In ɗaki ba shi da taga, ki fitar da kabbasarki tsakar gida, ki haƙura da abin da iska za ta kwashe.

'Yan sandan garin sun ɗauki hoton hular leda da tawul da makunnin fanka. Suka yi mini tambayoyi ta bakin tafinta, suka rubuta hatsari ne, suka ce sauran magana ta iyali ce. Fasfona da iƙamata, wato katin izinin zama, suna aljihun Baba Salih. Bayan mako guda aka ɗauko Yumma a jirgin marasa lafiya zuwa Riyad, ba ta farfaɗo ba, mu muka biyo baya.

A gida aka ce in koma ɗakin kan rufi, kusa da tankin ruwa, kada in sauko, kada in taɓa kayan kowa. Washegari Madam ta hau da jakata ta zazzage ta a ƙasa. Ta riƙa buɗe ƙullin kayan haɗina ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, har ta zo kan farce. Farcen turare marufin wani dodon koɗi ne na teku, ana soya shi a daka, shi yake sa ƙamshi ya zauna a jikin kaya.

"Esh haza?" ta ce, wato mene ne wannan.

Ban san sunansa da Larabci ba. Sai na ɗaga hannu na nuna mata farcen yatsana, ina nufin haka muke kiransa.

Ta ja da baya har ta bugi ƙofa. "Farcen wa? Farcen wa kike ƙonawa a kan kayanmu?"

Kafin yamma maganar ta zama biyu. Tawul da hula sun nuna niyya, farce ya nuna sihiri. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da wannan kalmar take jawo wa 'yar aiki. 'Yan'uwan Madam suka ce a kai balagi wurin askarawa, wato a shigar da ƙara, tun kafin in gudu. Ina zan gudu? Baba Salih ya ce a jira ya ga yadda jikin mahaifiyarsa zai yi. Na tuna wa Madam kujerar da ta riƙe mini, ta ce ba ta tuna ba. Na ce musu Yumma ce ta ƙi fita, ita ta ce in rufe. Na rantse. Madam ta ce, "Kin zaɓi shaidar da ba ta iya magana."

Inna Falmata ta zo kwana biyar da dawowarmu. Direban gidan, Malam Ila, mutumin Maradi, shi ya kai mata labari. Ta biya ta Batha ta sayo farce cikin ledar shago, da sunansa a rubuce da Larabci, ta ajiye a gaban Madam, ta ce a kira kowace tsohuwa a danginsu a tambaye ta. Aka kira wata gwaggon Baba, ta ce ta san shi, iyayensu ma suna sawa. Maganar sihiri ta lafa. Ta tawul ba ta lafa ba.

Aka bar Inna ta hau wurina. Ta zauna a bakin katifa tana haki, ta ciro dambu a leda, ban iya ci ba.

"Garwashi nawa?"

"Goma sha biyu."

"Kin jira sun yi toka?"

"Na jira, Inna."

"Kin toshe ƙofa?"

"Na toshe."

Ta kalli hannunta. "To babu abin da kika yi wanda ba ni na koya miki ba. Shekara ashirin ina toshe ƙofa, 'yar nan. Ciwon kan da nake yi kullum, na ɗauka tsufa ne."

Ta ce za ta sauka ta gaya wa Baba haka, in za a kai ƙara a haɗa da ita. Na riƙe zanenta. Takardunta ba su cika ba, in ta shiga hannun askarawa ba za ta fito ba sai a filin jirgi. Ta tafi tana share ido da gefen mayafi.

Sauran kwanakin aikina shi ne sauraren ƙofar gida. Daga kan rufi ana jin kowace mota da ta tsaya. Na san ƙarar ta Baba, na san ta mai kawo ruwa. In na ji wadda ban sani ba, sai in sa abayata in zauna a bakin katifa da takalmi a ƙafa. Na wanke kayana sau biyu da sabulun wanke-wanke don ƙamshin ɗakin nan ya fita, bai fita ba. Malam Ila in ya ajiye mini abinci a matakala yakan ce, "Ta buɗe ido jiya," ko "An cire mata bututu," ba ya ƙarawa. Na yi ta addu'ar ta tashi, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci ban san ko don ita nake yi ko don kaina ba.

Rana ta ashirin da uku, Alhamis ce, wajen ƙarfe biyu na rana, Malam Ila ya ƙwanƙwasa.

"Saratu, sauko. Mai gida yana kira."

"Malam, da baƙi?"

"Shi kaɗai ne. Yi ta maza."

Baba Salih yana zaune a majalisar maza, inda ban taɓa shiga ba sai da kasko a hannu. Ya rame, gemunsa ba gyara, rigarsa tana warin asibiti. Na tsaya a bakin ƙofa. Bai kalle ni ba.

"Yumma ta fara magana," ya ce.

Na dafa bango.

"Ba ta san ni ba. Ta tambaye ni ɗan wane ne ni. Ba ta san jikokinta ba. Likita ya ce wataƙila wani abu ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba." Ya murza idonsa. "Kwana uku ke nan magana ɗaya take yi. Duk wanda ya shigo sai ta ce a kira mata Sara, a gaya wa Sara ba za ta je falo ba, ta rufe ƙofa. Haka take ta yi har ta gaji ta yi barci."



"Na san uwata. In ta ce ba za ta tashi ba, ni ma ban isa in tashe ta ba." Ya ciro fasfona da iƙamata ya ajiye a kan tebur. "Babu balagi. Halas, magana ta ƙare. Na gaya wa kowa, ba wanda zai sake tayar da maganar. In gida kike so in yi miki tikiti, in wani gidan kike so in sake ki. Babu abin da zai same ki."

Na matsa na ɗauki takardun.

"Baba, a ba ni izini in je in gan ta."



"Jeki in kina so. Amma ki sani, kina tsaye a gabanta za ta ce ki kira mata Sara."